Ciyawa da Takalmana

A gidanmu na Kano ba a kiran sunan ɗan fari. Har mahaifiyata ta bar duniya ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan", kowa kuma ya san wanda take nufi. Ni ma da na haifi tawa a wani asibiti a Bronx, can ƙasar Turawa, ban zauna na yanke shawarar komai ba, bakina ne kawai ya ƙi. "Ke" nake ce mata, in kuma ina ba wani labarinta in ce "yarinyar nan". Ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe, don tana firamare zama ya ƙare tsakanina da mahaifinta, ya koma gida. Muka rage mu biyu a wani ɗan gida a hawa na biyar a unguwar Mount Hope, ni ina aiki a ɗakin gwajin jini, ita tana girma tana ba ni amsa da Turanci.

Wata rana ta dawo daga makaranta da wata sanda mai 'yar raga a kai. Na ce kamun kifi aka fara koya musu? Ta ce wasa ne, sunansa lakuros. Da ragar ake cafe wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, a yi gudu da ita, a wurga wa 'yar'uwa, har a jefa ta a gidan abokan hamayya. Na ɗauka abin kwana biyu ne, irin na goge da ta taɓa ɗorawa a kafaɗa tana hana mu sakat. Ashe wannan ya zo zama. Bangon filin wasa na unguwarmu ya sha duka, safe da yamma tana jifansa tana cafewa, har wata kociya ta wani kulob ɗin 'yan mata ta gan ta, ta ce lallai sai ta ɗauke ta.

Kociyar nan Baturiya ce mai dusasshiyar murya, ba ta da kwana-kwana. Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin yadda jami'o'i suke zaɓen 'yan wasa. Da rani ake yin manyan gasanni, masu horarwa na jami'o'i su zo su jera kujerunsu a bakin fili suna kallo suna rubutu. Ba a yarda su yi wa yarinya magana ba sai farkon Satumba, in ta shiga aji na kusa da na ƙarshe a sakandare. Kafin nan filaye suna da yawa, 'yan mata sun fi yawa, ba mai iya ganin kowa. Don haka kowace yarinya sai ta haɗa ɗan gajeren bidiyo na wuraren da ta fi burgewa, ta aika musu, su san filin da za su kai kujerarsu. Masu hali sukan ɗauki mai kyamara. Kociyar ta ce wayata ma ta isa, in dai zan tsaya in ɗauka.

Yarinyar nan ta sa abin a ranta fiye da yadda na zata. Tana son jami'ar da za ta yi karatu ta yi wasa, ta kuma san cewa ta wannan ƙofar ce kaɗai irin waɗannan makarantu za su waiwayi 'yar Mount Hope. Na ce to, ai riƙe waya ba aiki ba ne.

Haka muka shiga yawon rani. Mu kama jirgin ƙasa a titin Grand Concourse, mu sauka mu hau wani, wani lokaci kuma iyayen wata yarinya su rage mana hanya a bayan motarsu. A bakin fili kowane iyali da rumfarsa da akwatin ƙanƙararsa da karensa. Ni nakan tsaya can ƙarshen layi, da gorar ruwa da sallaya a naɗe cikin jaka. Ba zan ce sun wulakanta ni ba. Sukan miƙo mini burodi da wani abu a ciki, in ce na gode na ƙoshi, mu yi maganar zafin rana, shi ke nan hira ta ƙare. Sun san juna tun 'ya'yansu suna rarrafe, ni kuwa ko dokokin wasan ban gama ganewa ba. A tsakiyar ɗaruruwan mutane nakan ji kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba ko a ɗakina.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bakinsu. Uwa ta miƙe tsaye tana ƙwala kiran sunan 'yarta, tana cewa wannan tawa ce, ku gan ta. Ni kunyar ma sai ta kama ni a madadinta. Wani uba ya taɓa zuwa ya ce mini 'yata ta fi kowa gudu a fili. Na ce masa tana dai ɗan taɓawa, sai dai rashin ji. Ya tsaya yana kallona kamar na zage ta, ya koma rumfarsa. Me yake so in ce? In ce ƙwarai kuwa, ni na haife ta? A wurinmu wanda ya faɗi haka sai a yi mako ana ba da labarinsa.

Rani ya yi nisa, saura gasa ɗaya, sai wata Lahadi da la'asar ta zauna a teburin kicin ta juye duk abin da na ɗauka a kwamfutarta don ta yanka ta haɗa. Ina wanke shinkafa na ji shiru ya yi yawa. Can ta ce, "Umma, zo ki gani."

Ta kunna na farko. Ga ta nan da hijabinta na wasa da dogon wando a ƙarƙashin siket, ta cafe ƙwallo, ta zille wa ɗaya, ta zille wa ta biyu, ta nufi raga. Sai hoton ya yi ƙasa. Ciyawa, da takalmana masu ruwan ƙasa, da ihun mutane suna kiran sunanta. Ta kunna na biyu, haka. Na uku, haka. Ta nuna mini inda sauran 'yan matan suka ci ƙwallo, duk sun fito tas, ko hannuna bai girgiza ba. Nata ne kaɗai babu. Rani guda ina ɗaukar takalmana.

Nan take na gane abin da ya faru. Duk lokacin da ta kusa ci, aka fara kiran sunanta, idona yakan yi ƙasa da kansa, wayar kuma ta bi idon.

"Ba kya kallona," ta ce da Turanci. Ba ta ɗaga murya ba. "Kina zuwa, kina tsayawa a rana, amma ba kya kallona. Ko sunana ba ki taɓa faɗa ba. Na ɗauka a gida ne kawai."

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani. Na ce mata ita har ta isa ta koya mini yadda ake son ɗa? Wa yake tashi ya dafa mata abincin hanya, wa yake musayar ranakun aiki don ya bi ta filaye? Na ce uwar da ta haife ni ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, ban kuma mutu ba. Ta rufe kwamfutar a hankali ta shige ɗakinta. Na koma kan shinkafata ina wankewa har ruwan ya fita fari tas, ina ta wankewa.

A nan tsaye na tuna ranar da sakamakon jarrabawata ya fito a Kano. Gaskiya ne mahaifiyata ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Amma goggona ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Kakata ta jawo ni jikinta tana yi mini kirari tana tsokanar sauran jikoki. Ƙannen mahaifiyata suka yi ta yawo da labarin gida gida. Shirun uwata yana zaune ne a tsakiyar hayaniyar mutum goma, shi ya sa ban taɓa jin sa a matsayin shiru ba. Ni kuwa na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, na baro goggo da kaka a can. Yarinyar nan shirun kaɗai ta samu.

Na yi tunanin in nemo mata goggo ko ta aro ce. Akwai maƙwabciyata 'yar Kumasi a hawa na uku, mai baki kamar rediyo, tana aikin kula da wata tsohuwa. Na sauka na roƙe ta ta bi mu gasar ƙarshe, ta riƙe wayar, ta yi ihun. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, weekend ina wurin old lady na, ba ni fita," ta ce da irin Hausarsu. "Wannan kunya naka, ka bar shi a airport mana. Yarinyanka ne, ka duba shi."

Na je Canal Street na sayo abin kafa waya mai ƙafa uku a wurin wani ɗan Nijar. Amma abin ba ya juya kansa, sai an bi 'yar wasa da hannu, kuma ba a bin abin da ba a kallo. Ba dabarar da ta rage. Ko in duba, ko Satumba ta zo ba ta da abin aikawa.

Gasar ƙarshe a wata jiha aka yi ta, can kudu da mu, a wasu filaye da ba ko bishiya ɗaya. Na kafa ƙafafun nan uku a ƙarshen layi, daf da inda masu horarwar jami'o'i suka jera kujeru. Da aka busa usur na ce wa kaina, yau ko da kunya za ta kashe ni sai na ga ƙarshen gudun nan.

Ba a jima ba ta cafe ƙwallo a tsakiyar fili. Aka fara kiran sunanta ta ko'ina, na ji wuyana yana nauyi kamar an ɗora mini tulu. Na cije, na riƙe. Na ga yadda take sauke kafaɗar hagu kafin ta zille, na ga ta cije robar da ke bakinta, na ga ƙwallon ta shige can ƙasan raga. Sai na ga abin da ban taɓa sani ba. Tana ci, tun kafin 'yan'uwanta su rufe ta, ta juyo ta dubi ƙarshen layi, daidai inda nake tsayawa. Ba nemana ta yi ba, ta san wurin, kanta ya saba da juyawar. Ashe shekara da shekaru duk ƙwallon da ta ci sai ta waiwayo, ba ta ganin komai sai tsakiyar gyalena.

Wannan karon muka haɗa ido. Ban yi ihu ba, ban ɗaga hannu ba, ba zan yi ƙarya in ce na zama wata daban ba. Na dai tsaya ina kallonta, ita ma ta tsaya, har wata ta ja hannunta. A hanyar komawa ta kwantar da kanta a kafaɗata ta yi barci, tana warin zufa da ciyawa.

Bidiyon ya yi kyau. Satumba ta zo, wayarta ta yi ta ƙara, a ƙarshe ta zaɓi wata jami'a can arewa, kusa da iyakar Kanada, tafiyar yini guda a bas. Na yi murna, na kuma san da hannuna na ɗauki hoton da ya fitar da ita daga gidan nan. Da ta gama sakandare, ranar da za ta tafi na ɗauko mata jakar sandunanta har tasha, na ce Allah ya tsare, ki kula da salla. Na dawo na hau benen nan hawa biyar, na buɗe ƙofa, ba takalmi ko ɗaya a hanya da zan yi faɗa a kansa.

Yanzu jami'ar tana nuna wasanninsu a intanet. Ranar Asabar nakan dawo daga aiki in zauna a teburin kicin, a kujerar da ta zauna ran nan, in kunna. A wasan farko da ta ci ƙwallo, mai sharhi ya ambaci sunanta, sai na tsinci kaina ina kallon ledar tebur. Ba kowa a gidan da zan ji kunyarsa, amma kan ya sunkuya.

Mai kyamararsu ba ya jin kunyar kowa, don haka na mayar da hoton baya na kalla. Ta sauke kafaɗa, ta zille, ta ci. Sai ta juya ta dubi ƙarshen layi, inda iyayen wasu suke tsaye cikin manyan rigunan sanyi. Ta ɗan jima tana duban wurin, sannan ta koma tsakiyar fili.