Jesi Mai Aljihu Uku

Ko da zan manta ranar da aka ɗauke ni aiki da ranar da na bar shi, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na sa magidanta ashirin da biyu suka shiga filin ƙwallo sanye da jesi mai aljihu. Har yau idan na haɗu da ɗayansu a hanya, kafin ya tambaye ni iyali sai ya dafa ƙirjinsa na hagu ya fashe da dariya, ni kuma na san abin da yake nufi.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda muke buga bokitai da butoci da kujeru. Akwai wani dattijo mai kula da janareta, mutumin Nijar, wanda kowa ke kira Baba, har manaja. Ya fi shekara talatin a wurin. Duk kamfanin babu wanda ya kai shi son ƙungiyar ƙwallon da muke goyon baya, amma bai taɓa taka filin wasa ba, saboda ranar da ake wasa ita ce ranar da aka fi ɗauke wuta, shi kuwa ba ya barin injinsa. Abin da yake da shi wata 'yar rediyo ce da aka ɗaure bayanta da roba don kada batir ya zube. Kullum tana hannunsa na hagu, yana aiki da na dama. Sau biyu tana faɗawa cikin bakin mai, sau biyu yana tsamo ta ya shanya, ta ci gaba da magana.

Shekarar da Baba zai yi ritaya ya koma gida, ita ce shekarar da ƙungiyarmu ta riƙa cin wasa a jere kamar an yi mata addu'a ta musamman. Ta kuma fito da sabuwar jesi, shuɗiya mai ratsin fari a kafaɗa. Wata rana muna cin abinci wajen mai shinkafa da wake a bakin get, wani ya kawo shawara: tunda mata suna yin anko idan za su yi biki, mu ma mu yi wa Baba ankon sallama. Mu sayi sabuwar jesin gaba ɗayanmu, mu saka masa tasa, mu kai shi fili ya ga wasan ƙarshe da idonsa, washegari ya hau mota.

Nan ne bakina ya ja mini. Ni mutum ne da ba na iya jin ana neman wanda zai yi abu in yi shiru. Ban ma haɗiye lomar da ke bakina ba na ce, "Ku bar mini maganar riga. Na san mutane." Wallahi ban san kowa ba. Ban tsaya nan ba, na wuce ɗakin janareta na ce wa Baba, "Baba, da hannuna zan saka muku rigar nan kafin ku tafi." Ya rage muryar rediyo, ya dube ni ya ce, "To ɗana, Allah Ya ba ka iko." Daga yadda ya faɗa na gane ya ɗauki maganar da gaske.

Ashe duk Kano rigar nan take nema. Na je shagon da ake sayar da ita da sassafe, na tarar da layi har ya sha kwana. Muna tsaye rana ta take, mai shagon ya leƙo ta taga ya ce ta ƙare, a dawo jibi. Jibi ya zama gata, gata ya zama sati mai zuwa. Na zaga Sabon Gari, na zaga Kwari, ko'ina amsa ɗaya: "Yanzun nan aka ɗauki ta ƙarshe." Na fara zargin cewa akwai wani mutum da yake tafe a gabana da minti biyar yana ɗauke ta ƙarshe a kowane shago. A rediyo kuwa, shirin wasanni ya koma shirin ƙorafi. Wani ya bugo waya ya ce shekara goma sha yana bin ƙungiyar nan ana cin ta bai gudu ba, yanzu da ta fara ci an hana shi riga. A gidan kallon unguwarmu a Ɗorayi, mutum ɗaya ne ya samu, kuma ba ya zama a benci da ita, a tsaye yake kallo don kada ta yamutse.

Ana cikin haka sai labari ya bazu a waya cewa tirela guda ta rigunan ta iso wani sito a Dakata. Na roƙi wani ya riƙe mini injina, na haye babur. Ina isa na tarar da jama'a kamar ana rabon fili. 'Yan adaidaita sun ajiye fasinja sun shigo layi, wani ya zo da rigar aikinsa ta kamfanin fata na Chalawa, warin jima na tashi amma babu wanda ya matsa masa, kowa na tsoron rasa wurinsa. Direban tirelar ya rantse ya maya cewa ba riga ya ɗauko ba, aka ce ai dama haka zai ce. Da 'yan dako suka ɗaga tamfol, sai ga katan-katan na taliya har sama. Can wani daga baya ya ce, "A duba ƙasa dai, a ƙasa suke ɓoyewa." Sai da muka tsaya aka sauke rabin motar, ni da kaina na kama katan uku, kafin muka haƙura. Mai siton ya yi mana godiya sosai.

Saura kwana biyar, ba ni da ko hannun riga. A wurin aiki kuwa, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Mai mutane, ina labari?" Baba kaɗai ne bai taɓa tambayata ba, kuma shirun nasa ya fi tsokanar tasu damuna.

Dabara ta zo mini ina wanka. Na je na durƙusa wa mutumin nan na gidan kallo ya ara mini tasa na yini guda, bayan na yi masa alƙawarin ba zan bari ko ƙuda ya sauka a kanta ba. Na samo yadi mai kama da nata a kasuwa, na samu mai buga tambari ya buga mini guda ashirin da biyu, na nufi Bompai wajen wani tsohon tela da ya shekara yana ɗinka wa kamfanoni kayan ma'aikata. Rigar aikin da ke jikina ma ɗinkinsa ce.

Na shimfiɗa masa ita a kan tebur na ce, "Malam, irin wannan nake so, guda ashirin da biyu, kafin Lahadi."

Ya gyara tabarau, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya shafa ƙirjinta, ya shafa gefe da gefe, ya girgiza kai. "Wanda ya ɗinka wannan ai bai gama ba."

Ni na ɗauka wani zare ya gani ya zazzago. Sauri nake in mayar wa mai riga rigarsa, don haka na ce, "Malam, ku ne masana. Duk abin da kuka ga bai yi ba, ku gyara."

"Su wa za su saka?"

"Ma'aikata ne, 'yan kamfaninmu."

"To shi ke nan," in ji shi. "Na gane."

Ranar Lahadi da hantsi na je na karɓo su a ɗaure cikin buhu. Telan ya ce in buɗe in duba, na ce ai aikinsa ba ya buƙatar dubawa. Na ɗora buhun a babur ina jin kaina kamar wanda ya ciyo kofi. A bakin get ɗin kamfani kowa ya hallara, bas ɗin da muka ɗauka tana jira, aka tarbe ni da tafi. Na sa an ɗauko wuƙa, na yanke igiyar a hankali don a ji daɗin kallo, na zaro ta farko na ɗaga sama.

Launi ya yi, ratsin kafaɗa ya yi. Amma a ƙirjin hagu akwai wani ƙaton aljihu mai murfi da maɓalli, irin na rigar aiki, har da 'yar hanyar soka biro, an kuma ɗinke tambarin ƙungiya a tsakiyarsa tsaf. A gefe da gefe ga wasu aljihuna biyu masu zurfi irin na kaftani. Na zaro ta biyu, haka. Na zazzage buhun gaba ɗaya, babu wadda Malam ya yi wa rowa.

Wanda ya fara dariya direban bas ne, da ba ruwansa. Daga nan wuri ya kece. Wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, wani ya zura hannu a aljihun gefe ya ce ai har ƙullin garin kwaki zai shiga. Wasu kuma ba dariya suke ba. Wani abokin aikina ya ce shi kam ba zai shiga fili da wannan a ɗauke shi a waya a yaɗa ba, gara ya je da singileti. Ni kuwa gumi ya jiƙa ni, na koma gefe na buga wa telan waya.

"Malam, aljihu kuka saka."

"Uku-uku," in ji shi, da alamar jin daɗi. "Na ƙirjin na ninka masa ɗinki."

"Malam, rigar ƙwallo ba a yi mata aljihu."

"Kai da bakinka ka ce ma'aikata ne. Magidanci zai fita ba aljihu? Ina zai sa katinsa? Ina zai sa goro?"

Na kashe wayar.

Ina juyowa na ga Baba ya fito daga ɗakin janareta, ya yi wanka ya sa hula sabuwa, rediyo a hannun hagu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara, "Baba, ku yi haƙuri, an sami kuskure," bai ko saurare ni ba. Ya ɗauki ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Ka ce da hannunka." Na saka masa ita a kan 'yar shararsa. Ya shafa ƙirji, ya ɓalle maɓallin, ya leƙa ciki. Sai ya ɗauki rediyon nan ya zura. Ta shige daidai kamar an gwada ta, eriya ta leƙo ta gefen murfin. Ya mayar da maɓalli, ya ɗaga hannayensa biyu yana juya su, yana kallonsu kamar yau ya fara ganinsu babu komai a ciki.

"Telan nan ya san ni ne?" ya tambaya.

Babu wanda ya ƙara maganar singileti. Kafin minti biyar kowa ya saka tasa, ana ta cusa waya da makulli da gyaɗa, muka cika bas muna waƙa har fili.

A bakin fili mun sha tsokana, ba zan ɓoye ba. Wani ya tambaye mu ko mu ne masu gyaran fitilun filin. Amma kafin hutun rabin lokaci labari ya canza. Masu jesi ta asali, 'yan ƙalilan ɗin da suka samu, duk a takure suke, waya a hannu ɗaya, makullin babur a ɗaya, ana tsoron 'yan sane, ko tafi ba sa iya yi. Mu kuwa mun rufe aljihu da maɓalli mun saki hannu muna ta tsalle. Mutum huɗu ne suka zo suka tambaye ni a ina ake samun wannan samfurin. Na ce musu ya ƙare, a dawo jibi, kuma ban taɓa jin daɗin faɗar wata magana kamar wannan ba.

Baba bai zauna ba tun da aka fara. Ya ce filin ya fi yadda yake zato girma, 'yan wasan kuma sun fi yadda rediyo ke faɗa ƙanƙanta. Rediyon na kunne a ƙirjinsa, yana kallo yana saurare. Saura kaɗan a tashi muka zura ƙwallo. Fili ya ɗauka, muka rungume juna, na waiwaya in rungume Baba sai na gan shi tsaye cak, ya karkatar da kai ya manna kunne a aljihu. Ƙwallo tana cikin raga a gabansa, amma shi jira yake. Sai da mai sharhi ya kwarma ihu daga cikin aljihun, sannan Baba ya yi tsalle, hula ta faɗi, ya kama ni da hannu biyu yana cewa, "Ta shiga, ɗana, ta shiga." Na yi dariya har hawaye ya zubo mini, kuma daga baya na lura ba duka hawayen ne na dariya ba.

Washegari muka raka shi tasha. Da rigar ya hau mota, eriya a tsaye.

Abin ya koya mini in riƙa haɗiye loma kafin in yi alƙawari, in kuma buɗe buhu tun a gaban mai shi. Amma babban abin da ya zauna mini shi ne wannan: sati uku na yi ina yawo a Kano ina neman rigar da za ta burge masu kallonmu, ban taɓa tsayawa na tuna mutumin da zai saka ta ba. Tsohon telan da bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, tambaya ɗaya ya yi mini, su wa za su saka, kuma da ita ya yi aiki. Tun daga ranar, duk lokacin da zan yi wa wani kyauta, sai na fara tambayar kaina me yake riƙe da shi a hannu da yake buƙatar wurin ajiyewa.