Neman Aure a Zauren Masu Karatu

Birnin Kudu

Na bar gida ana idar da sallar Asuba, wata ranar Laraba a ƙarshen damina, zamanin mulkin soja. A jakata akwai riga ɗaya ta canji, da ƙullin goro, da littafin da nake karantawa a lokacin. Nasiru, ɗan yayana marigayi, shi ya ɗauko mini jakar har tasha. Tafiyar tasa ce, ni ƙafa kawai na ara masa.

Ga yadda abin yake. Nasiru ya yi karatun jami'a a Kongo, can Zariya. Ya dawo da takardar shaida da kuma sunan wata malamar firamare, Bilkisu, 'yar wani Malam Ɗalhatu na Ƙofar Kuyambana. Sau biyu muna tura manya. Sau biyu ana tarbarsu da tuwo da fara'a, a ce musu a ɗan dakata. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Yaro ya rame har sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Shi ne na ce bari in je da kaina in ji abin da ake jira.

Muna tsaye a tasha ya ce, "Baffa, akwai abu ɗaya. Duk wanda ya shiga zaurensa sai ya tambaye shi abin da yake karantawa."

"To, sai in faɗa masa."

"Me kake karantawa yanzu?"

"Kiwon zuma."

Ya dubi ƙasa. "Babu wani?"

Na ce babu. Ni malamin gona ne, kuma ba da furfurata zan fara yi wa littafi ƙarya ba.

Kano

Fijonmu ta cika wajen shida da rabi. Mun ratsa Wudil ana buɗe shaguna, muka shiga Kano da hantsi. A Unguwa Uku na ci waina da miyar taushe, na shiga motar Zariya. Aka matse mu mu huɗu a tsakiya. Kusa da taga wata Hajiya ce mai sayar da atamfa. Tun kafin mota ta tashi ta zaro ɗan littafin nan na soyayya da ake sayarwa a kasuwa, ta kafa masa ido. Tana karatu tana hawaye tana cin gyaɗa, babu wanda ya hana wani.

Da muka wuce Kura na ce, "Hajiya, lafiya dai?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Daɗi ne da shi."

Kwanar Ɗangora

A nan muka tarar da shinge. Direba ya fara laluben aljihu tun daga nesa. Wani kofur dogo ya leƙo ta taga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a hannun Hajiya.

"Hajiya, na biyu ne wannan?"

"Na biyu ne."

"Ashe ya fito." Ya gyara riƙon bindiga. "Kada ki faɗa mini komai." Ya ƙara leƙowa. "Ta yafe masa?"

"Kai ka ce kada in faɗa."

"Haka ne. Kada ki faɗa." Ya ce shi na ɗaya ya karanta, ya tsaya daidai inda mijin ya dawo daga tafiya ya tarar da gida a kulle, kuma tun sannan bai sami kwanciyar hankali ba. Hajiya ta ce ranar Asabar za ta dawo, za ta miƙa masa ta taga. Ya yi godiya har da ɗan rusunawa. Sannan ya juyo gare ni, ya ga nawa a kan cinya.

"Kai fa, Baba?"

"Kiwon zuma."

"Ku wuce," in ji shi.

Ba a tambayi takardun mota ba. Sai da muka yi nisa direba ya ce, "Hajiya, don Allah duk ranar da za ki Zariya ki neme ni."

A Tashar Yari muka tsaya na sayi rake don yaran mai masaukina. Muka sauka Kwangila ana kiran Azahar.

Gyallesu

Na sauka gidan Malam Shehu, abokina tun muna makarantar koyon aikin gona. Matarsa ta yi mana dambu. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya ajiye cokali.

"Ɗalhatu maɗinki? Kowa a birni ya san shi. Manyan riguna yake yi wa aiki, allura ta cinye masa ido. Yanzu ko tafin hannunsa ba ya gani. Mutum ne da bai taɓa kwana bai buɗe littafi ba, na ajami da na boko. Matarsa ta rasu, 'ya'yan maza suna Kaduna da Legas. Yarinyar nan ita ke karanta masa kullum bayan La'asar." Ya ɗauki cokalinsa. "Wato kai idon mutum ka zo ɗauka."

Nasiru bai faɗa mini wannan ba. Ina jin shi ma bai taɓa kallon abin ta nan ba. Na kwana a ɗakin baƙi, ni da sauron Gyallesu, kowa da abin da ya dame shi.

Ƙofar Kuyambana

Ranar Alhamis da hantsi na hau tasi ta Ƙofar Doka na shiga birni. Inda titi ya ƙare na bi lungu da ƙafa, ina tambaya, har na kai wani zaure na ƙasa mai sanyi, da tsohon keke a jingine a bakinsa. Na yi sallama.

Mutum uku na tarar a kan tabarma. Maigidan siriri ne, fari tas da gemu, yana fuskantar ƙofa kamar mai ganin wanda ya shigo. Na damansa Alhaji Tanimu ne, mai tireda a bakin lungun. Na hagu, mai tabarau da hular saƙa, Malam Istifanus ne, tsohon hedimasta daga Wusasa, mai keken da na gani. Duk ranar Alhamis suke haɗuwa, kowa ya faɗi inda ya kwana a karatunsa.

Muka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida. Na buɗe baki zan shiga maganar da ta kawo ni, Malam Ɗalhatu ya ɗaga hannu.

"Ba mu gama zagaye ba. Alhaji, kai ne."

Alhaji Tanimu ya ce shi har yanzu yana kan tsofaffin jaridun da yake saye don ƙunshe kaya. Kafin ya yaga sai ya karanta. "Na fi son su da sababbi," in ji shi. "Jiya na karanta wani babban mutum yana rantsuwa ba zai taɓa barin kujerarsa ba. Ni kuwa na san yadda aka ƙare. Na ƙunshe kanwa da shi."

Malam Istifanus ya ce shi ƙamus yake karantawa, daga farko, shafi biyu kullum. Ya kai harafin M.

Na ce, "Ƙamus, Malam?"

"Tun da mai ɗakina ta rasu na daina karanta labari. Sai ka saba da mutum, marubuci ya kashe shi. A ƙamus ba wanda ke mutuwa."

Babu wanda ya yi dariya, ni ma na riƙe tawa. Maigida ya juyo da fuskarsa gare ni.

"Baƙonmu fa?"

Na ce kiwon zuma, na jira a ce in wuce. Sai ya gyara zama ya ce me ke ciki. Na faɗa musu abin da ya fi burge ni: cewa sarkin da ke cikin amya ba namiji ba ne, mace ce, masu fita ɗebo ruwan fure duk mata ne, mazan kuwa ba sa aikin komai, in abinci ya yi ƙaranci a jefo su waje.

Alhaji Tanimu ya ce, "Mace ce ta rubuta littafin nan?"

Na ce namiji ne.

"To an matsa masa."

Malam Ɗalhatu ya ce in karanto wurin. Na karanta, ya ce in ƙara. Na yi ta yi har muryata ta dushe, yana tsayar da ni yana tambaya, shi da Malam Istifanus suna gardama a kan ko ƙudan zuma na barci. Sai da aka kawo fura sannan ya ce, "Yanzu faɗi abin da ya kawo ka. Waɗannan ba baƙi ba ne."

Na faɗa. Na ce mu ba gaggawa muke ba, amma in akwai abin da aka gani a yaronmu, gara a gaya mana mu sani.

Ya daɗe yana shafa bakin kwanon furar.

"Yaronku ba shi da laifi. Da mutanenku suka zo na farko, na kira ta na tambaye ta. Ta ce, Baba, a bari mu gama littafin da muke kai. Littafin juzu'i uku ne, labarin wani gidan fatake tun daga kaka har jikokin jikoki, kuma muna tsakiyar na farko. Na rasa ganewa: yaron ne ba ta so, ko ni take tausayi? Ba na ganin fuskarta, Malam. Da ina gani da ban ma tambaya ba. Shi ya sa na ce a dakata."

"Yanzu fa?"

"Yanzu na sani. Ranar Asabar aka raɗa wa wani jariri suna a littafin. Ranar Litinin na ji shi da 'ya'ya huɗu yana cinikin raƙumi. Wani bawan Allah da muka bari lafiya lau a kasuwa, sai ji na yi ana rabon gadonsa, ko ciwon kai ban ji ya yi ba. Ta ɗauka ban sani ba. Ƙarar shafi ɗaya daban, ta shafi goma daban."

Ya ɗaga murya ya kira ta. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi, ta gaishe mu.

"Wannan baffan Nasiru ne," in ji shi. "Saura nawa mu gama littafinmu?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Ai dole, da irin gudun da muke yi."

Ta sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunta sun fara rawa. Da ta yi magana, da ƙyar muka ji. "Baba, in na tafi wa zai riƙa karanta maka?"

Malam Istifanus ya yi gyaran murya. "Ina nan. Sai mu ci gaba daga M."

"Riƙe ƙamusunka," in ji Malam Ɗalhatu. Ya juya wajen 'yarsa. "Abin da kika tsallake ya kai littafi guda. Malam Istifanus zai koma baya ya karanto mini. Ina so in ji abin da ya kashe mutumin nan."

"Na gaya maka ba na karanta abin da ake mutuwa a ciki."

"Ai ya riga ya mutu. Dalili kawai za ka faɗa mini."

Malam Istifanus ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce in haka ne sai ya riƙa zuwa har da Talata, don Alhamis kaɗai ba za ta isa ba. Bilkisu ta tashi da sauri ta shige ciki, ban san ko kuka ta tafi yi ko dariya ba.

"Ku turo bayan Sallah a sa rana," in ji maigida.

Na kwance ƙullin goro. Muka shafa fatiha, Malam Istifanus ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar. Da zan tafi Malam Ɗalhatu ya ce sai ya raka ni. Ya bi bango da hannu har bakin zaure, ya riƙe hannuna, ya ba ni saƙo in kai wa Nasiru.

Komawa

Na sake kwana a Gyallesu. Ranar Juma'a na yi sammako, na yi sallar Juma'a a Kano, na iso Birnin Kudu rana ta yi sanyi. Taya ta fashe mana sau ɗaya bayan Wudil, ban da wannan babu abin faɗi.

Nasiru na tasha. Mai shayi ya ce tun safe yake nan, ya duba kowace mota har da ta shanu. Ya karɓi jakata bai iya tambaya ba. Na bar shi muka yi tafiya kaɗan, na tambaye shi ko an yi ruwa bayana. Ya ce an yi. Na tambayi lafiyar akuyata. Ya ce tana nan. Sannan na ce masa bayan Sallah za a sa rana.

Ya nemi wuri ya zauna a kan buhun masarar wani mutum, jakata a rungume.

Na ce, "Akwai saƙo daga surukinka. Ya ce bai roƙe ka komai ba sai abu ɗaya. In ka shigo gida ka tarar tana karatu, ko yunwa kake ji, ka bari ta kai ƙarshen shafi kafin ka kira ta. Ya ce shi ma haka yake yi mata tun tana 'yar aji uku."

Nasiru ya ce ya ji. Ya maimaita saƙon da bakinsa, kalma bayan kalma, ban sa shi ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Malam Shehu da iyalinsa, da mutanen zauren Ƙofar Kuyambana, da kuma mai buhun masara, wanda ya tsaya shiru a gefe har yaron ya iya miƙewa.