Simintin Hannun Inna

Ni na fara ganin labarin duk hostal ɗinmu, don wajen latsa waya babban yatsana bai da na biyu. Ina kwance saman katifa, takardun tes ɗin gobe na kan cikina, ko shafi guda ban buɗa ba, sai ga saƙo ya faɗo gurup ɗin ajinmu. Wai ma'aikatan gwamnati duk ƙasa sun shiga yajin aiki, na tarayya da na jiha, sai baba ta gani. Ofis, makaranta, kotu, asibiti, duk a garƙame.

Na ƙwala wani irin ihu har abokiyar kwanana ta ɓarar da sikarin da take zuba ma garin kwaki.

"Ke lafiya? Kunama?"

"Wace kunama! Tes ya mutu, yarinya! An rufe gwamnati!"

Munka kife bokiti munka mai da shi ganga. Na ɗauki hoto da yatsu biyu sama na ɗora a sitatus, na rubuta "hutu daga sama, ba ko sisin kwabo." Kafin azahar na haɗa jaka, na hau kabu-kabu daga makarantarmu a Aliero, iska na kaɗa min hijabi, ina waƙa har garinmu Jega.

Ina shiga gida waƙar ta yanke. Inna na zaune gindin darbejiya, hannunta na dama rataye da ɗankwali, an naɗe shi da farin abin nan mai tauri da muke ce ma siminti, tun daga gwiwa har tafi, yatsu kaɗai waje. Inna malamar firamare ce can wajen Mungadi, ƙasar Maiyama, kullum bisa mashin take zuwa. Ashe ana gobe yaji mai mashin ya kauce ma akuya ya zubar da ita. Sunka ɓoye min wai kar hankalina ya tashi ga tes. Tes ɗin da ban ma karanta ba.

Kawu na wurin, ƙanen Inna, mai akori-kura da yake jigilar albasa da ita. Baba kuwa ya bi lodi Kudu. Kawu sai tsiya yake mata.

"Yaya, ga Aliero nan bakin hanci, garin ɗori, kin kwashi hannu kin kai ma masu siminti sai ka ce za a yi daɓe."

"Rufe min baki," in ji Inna. "Duk wata sai an yanki kuɗin inshorar lafiya cikin albashina tun ban gan shi ba. Sau ɗaya dai in ci moriyar abuna."

Na ce, "To Inna, ga shi an rufe asibitin."

"A rufe! Mu ma muna ciki tsundum. Albashin da bai kai tsakiyar wata? Su ji a jikinsu."

Ta ce likita ya gaya mata in yatsu sun kumbura ko sun sake kala ta koma maza-maza. Ta motsa min su in gani. Suna motsi, sai dai sun ɗan tasa.

Da safe sun zama wani abu daban. Sun kumbura sun yi suntum, sun cika bakin simintin, launinsu ya koma na ɗinya. Inna da ba ta ƙorafi ta ce tun asuba kamar tururuwa na yawo ciki, yanzu kuma ba ta jin komai. Na mintsini ƙaramin yatsan da ƙarfi, irin mintsinin da take min in na yi rashin kunya. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da wanga hannu take riƙe alli, da shi take tuƙa tuwo. Na kira Kawu.

Ƙofar asibitin gwamnati na sanye da ƙaton kwaɗo, an soka ganyen darbejiya jikin ƙarfe, alamar yaji. Maigadi na zaune daga ciki yana jin rediyo.

"Baba, don Allah, gaggawa ce."

"Ɗiyata, ba kowa. Ni ma ƙofar anka bar min."

"Siminti kaɗai za a yanke!"

"Zarton na cikin ɗaki, ɗakin a kulle, mai makulli ya tahi garinsu. Allah shi ba ta lahiya."

Munka wuce wani asibitin kuɗi. Wata budurwa a kanta tana taunar cingam ta karɓi katin inshorar Inna, ta juya shi gaba ta juya shi baya. Ta ce ba su taɓa mai kati sai ofishin inshora ya turo lambar amincewa. Na ce to a kira su. Ta kira, ta saka min a kunne in ji da kaina: tana ta ƙara, ba mai ɗauka. Su ma suna yaji. Kawu ya ce a bar batun kati, zai biya daga aljihu.

"Ai ko kun biya, mu ba mu da zarton."

"To tun ɗazu mi ya hana ki faɗi?" na ce.

"Ba ki tambaya ba."

Wallahi ba don Inna ta ja min hijabi da hannun hagu ba, da cingam ɗin nan ya ga ta kansa.

Kawu ya tada mota. "Aliero," ya ce, kuma ko dariyar cin nasara bai yi ba. Inna na tsakiya, ni bakin ƙofa, na tallafe mata hannun bisa filo saboda ramuka.

Ba mu yi nisa da gari ba sai ga katako mai ƙusoshi an gicciya a titi, ga samari da riguna ruwan ɗorawa. 'Yan haraji. Ɗaya ya zagayo ya duba gilashin gaba, ya ƙwanƙwasa da biro.

"Direba, sitikarka ta ƙare."

"Na sani. Na je sabuntawa na iske ofishin a rufe."

"Wannan ba matsalata ba ce. Faka gefe."

Na leƙo da kai. "Malam, ofishin da ke ba da sitikar yana yaji. Ina kake son ya samo ta, gonar albasa?"

"Ƙanwata, rage murya."

"Ku ba ku yajin ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Mu 'yan kwangila ne. Karɓa ba ta hutu."

Inna ta ɗaga hannun daga kan filo ta miƙa shi saitin taga. Ya kalli yatsun, fuskarsa ta ɗan canza, ya ce, "Subhanallahi, sannu Hajiya, Allah shi sawwaƙe." Na ɗauka zai janye katako. Ina! Ya koma wajen Kawu ya tsaya. Kawu ya biya tara. Anka yago mashi rasit, da tambarin gwamnati a sama, sabo fil, tawada ko bushewa ba ta yi ba.

Na karɓi rasit ɗin ina kallo. Tun safe muke neman gwamnati. Mun je gidanta mun iske kwaɗo, mun kira ta a waya ba ta ɗauka ba. Ashe tana nan bakin titi da katakon ƙusa tana jiranmu. Ban ga laifin masu yaji ba, Inna na cikinsu, na san abin da tukunyarmu ke gani ƙarshen wata. Waɗanda nake jin haushi su ne masu zama ɗaki mai sanyi suna ja-in-ja, su da ko ciwon kai ya kama su jirgi suke hawa. In an ce an rufe, a rufe duka mana! A rufe katako, a rufe rasit, a rufe abin da ake cire min duk sanda na sa kati a waya. Amma a'a. Wurin da za a ba ka shi ke da kwaɗo, wurin da za a karɓa ko Juma'a bai sani ba. Duk wannan na faɗe shi cikin mota da ƙarfi, har Kawu ya ce in bari ya ji ƙarar injin.

A Aliero munka shiga zauren wani tsoho mai ɗori da Kawu ya sani. Mutane jere bisa tabarmi, wani da ƙafa cikin karare, wani da kafaɗa. Tsohon ya sa anka matso da Inna gaba, ya duba yatsun, ya ƙwanƙwasa simintin da farce.

"Malama, ban sa hannu ga abin da wani ya ɗaure. Haka na gada. In na fasa wanga abu ƙashi ya goce, ba sunana za a kira ba, cewa za a yi Aliero ta ɓata hannu."

"Baba, ka taimaka," in ji Kawu.

"Taimakon da zan yi shi ne in gaya muku gaskiya. Ku samu wanda ya san kan abin shi buɗe shi yau. Kar ku bari rana ta faɗi."

Inna ta sunkuyar da kai.

Nan bakin zauren na tsuguna na ciro waya, caji ya yi ja. Na ɗauki hoton yatsun na watsa gurup ɗin ajinmu, na watsa na hostal, na goge sitatus ɗin jiya na ɗora shi. "Wa ya san mai yanke siminti a Jega ko Aliero ko Maiyama? Uwata ce. Yanzu-yanzu." Saƙonni sunka fara zuba. Addu'a, addu'a, hoton hannuwa biyu, wani sakarai ya turo min lambar birkila. Sai ga wata yarinya 'yar ajinmu da ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba, irin masu zama gaba suna rubuta duk tarin da malami ya yi. Ta biyo ni ta gefe da saƙo, ni kaɗai.

"Mamana nas ce, muna Jega bayan tasha. Ta ce ku zo. Amma ban da hoto, 'yan ƙungiya na cin tarar wanda ya yi aiki."

Na daka tsalle har wani mai karaya ya ce in yi a hankali kar in zama maƙwabciyarsa.

Da munka juyo Jega munka zo wajen katakon, Kawu ko birki bai taka sosai ba, ya fiddo rasit ta taga yana kaɗawa, ya bi su da wata kalma da ba zan rubuta ba.

Matar 'yar Zuru ce, kowa Sista yake ce mata. Munka iske ta da zane ɗaure a ƙirji tana wanki. Tana ganin hannun ta ce, "Yesu!" ta yar da sabulu. Ta sa ɗiyarta ta kawo ruwan ɗumi a baho, ta tsoma hannun ciki don simintin ya yi laushi. Ta juya ga Kawu.

"Direba, ka san masu ƙera bokiti da murhu bakin kasuwa? Ka aro min almakashin yankan kwano. Gudu!"

Kafin ya dawo ta zauna kan kujera 'yar tsuguno tana matsa farcen Inna ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, ke ma kina yaji?"

"Har wuya."

"To yau ni da ke mun karya doka. Kar ki kai ƙarata."

"In kai ki wurin wa? Kotun ma a rufe take."

Sunka yi dariya su biyu, Inna da hawaye a ido.

Sista ta zura ƙotar cokali tsakanin fata da siminti don kar ƙarfe ya taɓa nama, ta fara yanka. Ƙaras, ƙaras, tana nishi, gumi na ɗiga daga hancinta. Ni anka ba riƙon gwiwar, anka ce ko motsi kar ya yi. Waya na ta ƙugi a cinyata ban ko kalle ta ba. Da ta kai ƙarshe ta sa yatsu ta buɗe shi kamar ana ɓare gyaɗa. Wani wari ya taso. Ba a jima ba Inna ta ƙwala ƙara irin wadda ban taɓa ji ba.

"Wayyo Allah, wuta! Wuta cikin hannuna!"

"Yawwa!" in ji Sista. "Yi ta ihu, Malama, jini ne ke dawowa. Shirun nan shi ya fi ba ni tsoro."

Muna kallo launin ɗinyar ya fara washewa. Babban yatsa ya motsa, manuni ya bi shi. Na fashe da kuka ina dariya, na rungume 'yar ajinmu da ban taɓa ko aron biro wurinta ba. Sista ta mai da rabin simintin ƙarƙashin hannun, ta naɗe da bandeji sakwa-sakwa. Kawu ya sa hannu aljihu, ta harare shi.

"In ka biya ni, na yi aiki ke nan. Albasa za ka kawo min, manya, ba irin ta 'yan talla ba."

Daga baya anka janye yaji, anka cire ganye daga ƙofofi. Albashin Inna ya shigo, an yanki kuɗin inshora cif, har na kwanakin da ofishin ke rufe. Munka koma asibiti anka yi hoton ƙashi. Ƙashi ya kama lafiya lau. Amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ƙi lanƙwasa, sun tsaya a sandare. Likitan, wani saurayi mai fara'a, ya murza su, ya girgiza kai.

"Mama, me ya sa ba ku zo da wuri ba?"

Na ja numfashi na buɗe baki, don na daɗe ina tara mashi jawabi. Inna ta taka min ƙafa.

"Mun zo, likita," ta ce. "Ka tambayi kwaɗonku."

Ta koma aji. Da yatsu uku take riƙe alli yanzu, biyun na tsaye gefe, ɗalibanta sun ce rubutunta ya karkace kamar zai faɗo daga allo. Tuƙin tuwo tana iyawa, malmala ce ta gagara, don hannun bai dunƙulewa. Duk ranar da nake gida ni ke ajiye waya in ɗauki mara, tana tsaye kaina tana cewa tuwona bai da siffa.