Ranar da Aka Ba Ni Addu'ar Rufe Taro

Ni mutum ne mai baki, kowa a unguwarmu ta Ɗan Iya ya san da haka. Duk shekarun da na yi ina hedimasta ban taɓa neman lasifika ba, gyaran murya kawai zan yi a bakin ofis makaranta ta yi tsit. Da na yi ritaya, bakin bai bi ni ba. A dakalin da muke zama bayan la'asar na sauke gwamnoni na naɗa wasu, wutar lantarkin ƙasar nan kuwa na gyara ta ya fi a ƙirga. Matata takan ce da surutu noma ne, da ba mu ƙara sayen hatsi ba.

Saboda haka ba wanda ya yi mamaki da Mama ta kawo kukanta wurina. Mama mai masa ce, a bakin layinmu take suya. Kirista ce daga kudancin jiha, aiki ya kawo mijinta Bauchi, ya rasu ya bar ta, ita kuma ta ce nan ne gida. Tun 'ya'yana na ƙanana take wurin, yanzu jikokinta take riƙo, kuma da tandar nan take ci da su. Rumfar ba wata rumfa ba ce, 'yan fallayen kwano ne da benci.

Bara, gab da damina, aka zo aka shafa wa rumfunan bakin titi jan fenti, har da tata. Ƙaramar hukuma za ta haƙa magudanar ruwa. Ba mai ja da wannan, don duk shekara ruwa har zaure yake shigo mana. Sauran masu rumfunan maza ne masu ƙungiya, an riga an nuna musu wuri can bakin kasuwa. Mama ba ta cikin ƙungiyar kowa. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: akwai ɗan fili a ƙetaren layi, gefen famfo, na hukuma ne, ba mai amfani da shi sai awaki. A bar ta ta matsa can.

"Malam, an ce kansiloli za su zauna ranar Laraba, kuma kowa na iya magana," in ji ta. "Ni in na ga taro harshena ɗaurewa yake yi. Kai ne mai baki."

"Mama, kwantar da hankalinki, ki ɗauka an gama," na ce. "Shugaban kansilolin nan ɗalibina ne. Ni na koya masa riƙe fensir."

Na shirya jawabi na gani na faɗa. Na gwada shi a tsakar gida, matata na tsintar shinkafa, ita ce majalisa. Da na kai inda nake bayanin haƙƙin gwauruwa a kan al'umma sai ta ɗago ta ce in rage, in fara da maganar filin. Na ce mata jawabi ba cefane ba ne, ba a shiga kai tsaye. Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta.

Ranar Laraba na sha babbar riga wadda ta sha sitaci, muka hau keke mai ƙafa uku ni da Mama. Ranar Mama ba ta kunna wuta ba, ta yi ado kamar za ta coci. Zauren taron ba shi da girma. Kujerun roba ne a jere, fanka na juyi a kasalance, can gaba kuma ga babban tebur an lulluɓe shi da farin ƙyalle an ɗora furannin roba. Muka sami wuri a baya muka zauna kusa da juna.

Ban daɗe da zama ba shugaban ya hango ni. Ya taso daga kan teburin, ya ratso mutane, ya durƙusa har ƙasa a gabana, kowa na kallo.

"Baba, kai ne a nan baya? Haba, ba za a yi haka ina raye ba."

Ya kama hannuna ya nufi babban tebur da ni. Na ɗan yi ta "a'a, a bar ni nan," irin a'ar da ake yi ƙafa na tafiya. Gaskiya abin ya yi mini daɗi. Tun da na bar aiki ba wanda ya durƙusa mini a bainar jama'a sai masu neman in yi musu shaida. Aka zaunar da ni a kujera mai hannu, tsakanin wani mai unguwa da wani fasto. Na waiwaya na ga Mama tana murmushi har kunne. A ganinta, mutumin da aka kai can sama ai ya riga ya ci.

Faston ya buɗe taro da addu'a. Haka ake yi a tarukanmu, in Kirista ya buɗe Musulmi ya rufe, in Musulmi ya buɗe Kirista ya rufe. Na san wannan kamar yunwar cikina, amma ban tsaya na duba teburin na ga wane ne farin gemun da aka tanada ba. Hankalina na kan jawabina.

Injiniya ya yi bayanin magudana, sannan kansiloli suka shiga muhawara. Kowanne in ya miƙe sai ya ce yana tsaye a kan gaisuwar da aka riga aka yi, daga nan ya sake gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Wani ya ce don me za a fara da Ɗan Iya alhali a Gwallameji sababbin gidaje suna tsaye cikin ruwa. Wani daga cikin gari ya ce a lungunan Ƙofar Dumi in an yi ruwa babur ma iyo yake yi, kuma su suka riga kowa zama a garin nan. Aka ɗan yi zafi, aka yi nuni da yatsa, wani dattijon kansila ya ce duk ruwan ɗaya ne, in ba a ba shi hanya a ƙasa ba na sama ma ba zai wuce ba. Wannan maganar ta kama hankali. Ni kuwa ina zaune ina ba su maki a zuciya, ba wanda ya haye rabi. Ina cewa ku gama, yara, yau za ku ji yadda ake magana.

Sai aka ba jama'a dama. Wata ma'aikaciya ta riƙa zagawa da makirfo cikin kujerun roba. Wani ya yi kukan karnuka. Wata mata ta yi maganar juji da ke bayan gidanta, a tsaye, a taƙaice, aka ce an ji kuma za a kwashe. Shugaban masu rumfuna ya yi godiya a kan wurin da aka ba su. Na ɗaga hannu. Ma'aikaciyar ta gani, ta zo da sauri ta ajiye mini kwalbar lemo mai sanyi. Na sake ɗagawa. Shugaban ya juyo, ya dunƙule hannu ya jinjina mini, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Raina ya fara ɓaci. Mai unguwar ya sunkuyo ya raɗa mini cewa mu nan iyaye ne, ba a cacar baki da mu, namu sa albarka. Na so in ce masa ni ba sa albarka ta kawo ni ba, amma a lokacin lemon yana hannuna, har na sha rabi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk da haka na miƙa wuya na ce wa shugaban, "Ina da magana fa."

"Ai dole, Baba," in ji shi. "Kai ne na ƙarshe. Daga bakinka ba wani baki."

Kaina ya ƙara girma. Maganar ƙarshe, a gaban dukan kansiloli. Na nemo idon Mama na gyaɗa mata kai, ita ma ta gyaɗa.

Aka ce masu goyon bayan a kwashe rumfuna a fara aiki su ce eh, suka ce eh. Masu ja su ce a'a, ba wanda ya tanka. Shugaban ya buga gudumarsa. Ban damu ba, don ni ba ja na zo yi ba, 'yar ƙari ce kawai zan roƙa a yi. Shugaban ya miƙe ya ce yanzu zai miƙa makirfo ga mutumin da ya koya masa karatu, babanmu, uban kowa. Aka tafa. Na tashi, na gyara hannun riga, na karɓi makirfo, na yi gyaran muryar nan tawa. Sannan ya ƙarasa maganarsa.

"Ya rufe mana taro da addu'a."

Kafin in ja numfashi zauren gaba ɗaya ya ɗaga tafin hannu. Kawuna suka sunkuya, har faston da ke gefena ya rufe ido. Wallahi na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, "To, kafin addu'a," sai mai unguwar ya ja mini gefen riga ya ce a hankali, "Malam, hannuwa na sama." Da gaskiyarsa. Ba a kai wa mutane ƙara alhali sun buɗe hannu ga Ubangiji. Ni da kaina na tsawata wa yara a kan abin da bai kai wannan ba.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutumin da ya riga ya faɗi. Na ce bari in cusa maganar cikin addu'ar. Na yi salati, na roƙi Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, aka ce amin. Na roƙa Ya sa su tuna da mata masu neman na kansu a bakin titi, aka ce amin. Na ɗaga murya na ce, "Ya Allah, wadda aka tasa daga wurinta Ka ba ta wani wuri, ko da gefen famfo ne." Amin ɗin shugaban ya fi na kowa ƙarfi. A nan na gane ba mai saurare. Azahar ta gabato, ciki ya ɗauki kira, amin na fitowa tun ban kai ƙarshen jimla ba. Na ja, na ja, har hannuwa suka fara sauka da kansu. Ba yadda zan yi, na ce fatiha, aka shafa.

A ƙasar nan in an shafa fatiha magana ta ƙare, ko ta aure ce ko ta sulhu. Mai tono ta bayan nan sunansa mai neman fitina, balle wanda shi ya ja fatihar da bakinsa. Duk da haka na tari shugaban a bakin ƙofa na gaya masa maganar filin a gurguje, a jimla biyu, ba haƙƙin gwauruwa ba komai.

"Ayya, Baba, ai wannan mai sauƙi ce," in ji shi. "Da ka faɗa a ciki da an haɗa da ita. Yanzu an shafa. Sai dai zama na gaba, bayan an gama aikin."

Ya sake durƙusawa, ya ce in sa shi a addu'a, ya shige mota.

Na koma ciki. Ana ta tara kujeru, amma Mama na nan zaune a tata, jakarta a cinya.

"Malam, addu'a ta yi kyau," in ji ta. "Hutu aka tafi? Yaushe za a dawo ka yi maganar?"

"An tashi, Mama."

Ta dube ni, ta dubi teburin da ake naɗe wa ƙyalle.

"Amma na ji ka ce gefen famfo. Kowa ya ce amin, har shugaban."

"Wannan Allah na roƙa."

"To su fa?"

"Su ban roƙe su ba."

Ta tashi ta miƙa wa mai tara kujeru tata, ta yi masa sannu da aiki. A keke ta matsa gefe don kada ta zaune mini riga.

Da safiyar Asabar ina ɗaki na ji ƙarar ana ɓanɓare kwano a bakin layi. Ban fita ba.