Ramatu 'Yar Tasha Ta Tafi da Wasan Makokina

Shekara shida ke nan, in lissafin tsoho bai zame ba, da rasuwar jikata Ramatu, wadda ku masu waya kuka fi sani da 'Yar Tasha, mai gambarar zamani, kuka kuma sha ganinta a fim. Ni ne kakanta na wajen uwa, Mamman, tsohon ɗan kamasho a tashar motar Ƙaura Namoda. Bokona a aji huɗu ya tsaya, ranar da na gane malaminmu ya fi son bulalarsa a kaina. Saboda haka in kun ga alƙalamina yana ɗingishi, gado ya yi, don ni ma da ɗingishi nake tafiya tun ranar da jak ya zame, motar Shinkafi ta zauna mini a ƙafa.

A dokar wasa, Ramatu matata ce, kamar yadda kowace jika take matar kakanta. Ni ina ce mata Amarya, ita tana ce mini Ango, kuma tun tana 'yar mitsitsiya take neman saki, wai ba ta zama da mijin da haƙoransa suka yi ritaya suka bar shi bakin aiki. Uwarta Asabe, ɗiyata, tuwo take saidawa a bakin tasha, Ramatu kuwa a gindin tukunyar nan ta girma. Sauran yara suna koyon waƙar gaɗa, ita kiran mota take haddacewa. Kiran mota kuwa ilimi ne, ko da yake ba a ba da satifiket a kansa. Sai ka jera garuruwa a numfashi guda, ka yabi direba, ka zolayi mai akuya, ka rantse saura mutum guda alhali motar ba kowa sai mu da muka zauna ciki don a ga kamar ta cika. Allah ya yafe mana, sana'a ce.

Ranar da aka fara kunna mini waƙarta a waya, bayan ta gama sakandare ta tafi Kano, sai na ji bakina ne aka sa wa ganga:

Saura mutum guda, Shinkafi za mu tashi,
Mai kaji hau bisa, mai goyo ba ta rashi,
Zurmi ku dakata, direba na wurin mai gashi,
Ƙaura ce gida, wanda bai sani ba ku gaya mashi.

Na ce wa direbobin da ke wurin su zama shaida, an yi mini fashi da rana tsaka. Shekara da shekaru ina wannan kururuwa, ba wanda ya taɓa tafa mini, sai dai a ce in matsa in ba mota hanya. Yarinya ta ɗauka ta sa hular hana-salla, ta karkace kafaɗa, ga shi har Nijar ana bi. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan ɗan barewar babur ya hau.

Ba zan ce muku hanyar ta yi mata laushi ba. Ɗiya mace da gambara, a garinmu, magana ce. An faɗa a majalisa, an faɗa a gidan suna, wasu da suke saye wurin Asabe suka koma wurin wata. A can Kano kuma masu fim suka ji harshenta na Zamfara suka ga abin dariya ya samu, kullum ita ce 'yar aikin da ta zo daga ƙauye, ko masifaffiyar maƙwabciya. Ta yi ta yi, tana dariya a waje tana cizon yatsa a ciki. Sai da ta daɗe kafin aka ba ta fitowar da ta so, ta tsohuwa mai tuwo a tasha wadda ɗanta direba ya fita da mota bai dawo ba. A fim ɗin nan Ramatu ba ta yi ihu ko sau ɗaya ba. Tafiya kawai take yi daga tukunya zuwa bakin titi tana duba hanya, tana jan ƙafar hagu, tana dafa ƙugu kafin ta zauna. Duk Ƙaura aka ce, ai wannan tafiyar Mamman Kamasho ce. Fashi na biyu ke nan, shi ma ban kai ƙara ba.

To ga inda zancen yake. A wajenmu, in tsoho ya rasu ya bar jikoki, ba kuka kaɗai ake yi ba. Bayan an yi addu'a an natsa, jikoki sukan ɗauko rigarsa da hularsa da sandarsa, ɗaya ya saka, ya fito tsakar gida yana tafiyarsa, yana tarinsa, yana faɗan da ya saba yi. Masu makoki su yi dariya da hawaye a ido, a ba jika ɗan tukuici, zuciya ta yi sanyi. Wasan jika ke nan. Malaman yanzu suna ta harararsa, ni kuwa ba na jayayya da malamai, amma na ga gidajen da wasan nan ya buɗe wa baki bayan baƙin ciki ya rufe shi.

Ramatu ta daɗe da kama wannan aiki. Ta sanar da sauran jikoki cewa ranar makokina ita ce mai riga, kada wanda ya taɓa. Zuwanta na ƙarshe, da ƙaramar salla, da hantsi ina zaune a zaure, sai ga ta da tsohuwar rigata a kafaɗa.

"Ango, zamna da kyau. Na gama haɗa wasan makokinka, yau za ka gani."

"Ke Amarya, ki ji tsoron Allah. Da raina?"

"To in ka mutu wa za ya gyara min inda na yi kuskure? Kallo guda, ka ga yadda kake."

"Ba ni gani. Wa ya taɓa cin tuwon sadakar bakwai ɗinsa? Ki aje, ranar na nan tahe, ba ki daɗewa kina jira."

"Kai ɗin? Tsoho mai ran ƙarfe! Sai ka ga bayanmu duka."

Ta yi dariya, ta ninke rigar ta mayar. Ni ma na yi dariya, har ina jin na ci nasara. Ban san wannan ce gardama mafi tsada da na taɓa ci ba. Kafin babbar salla zazzaɓi ya kama ta a Kano, kwana kaɗan aka bugo waya. A can aka rufe ta, don kafin mu shirya mu kama hanya an riga an yi sutura. Ana kallon busasshen itace, ɗanye ya faɗi. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take, tawa kuwa ta yi nauyin da wuyan tsoho ke ɗauka da ƙyar.

Wanda ya mutu da ƙuruciya ba shi da jika, don haka ba a yi masa wasa. Yarinyar da ta ba ƙasa guda dariya, makokinta ba wanda ya murmusa. Tun daga ranar Asabe ta rufe baki. Ba ta ambaton sunanta, in an kunna waƙarta a tasha sai ta shige rumfa ta kama wanke kwanon da ta riga ta wanke. Hular hana-sallar da aka kawo cikin kayanta tana rataye a ƙusa, ba mai taɓawa.

Nakan tambayi kaina, da Ramatu za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta tarar kowace yarinya mai waya ta zama 'yar gambara, har jikokin waɗanda suka daina sayen tuwon uwarta, kuma na san za ta ce ita ta share musu ƙaya suka zo suna tafiya ba takalmi. Amma in ta zo tasha, ban san inda za ta sa waƙarta ba. Garuruwan da ta jera suna nan, hanyoyin ne suka zama abin da suka zama. Motar Shinkafi ko ranar Alhamis ta kasuwa ba ta cika kamar da. Mai zuwa Birnin Tsaba ko Zurmi sai ya tambayi labarin hanya kafin ya tambayi kujera, mutanen Galadi kuwa sai a kan babur, da addu'a a baki. 'Yan kamashon yanzu ba su da kirari, a hankali suke kira kamar masu gaisuwar mara lafiya. Tsohuwar da ta fito a fim tana duba hanya, yanzu kowace unguwa akwai irinta, ba kuma fim ba ne. Ina jin da ta yi waƙa a kan haka, kuma da ta faɗi abin da mu manya muke tauna muna haɗiyewa.

Jiya da safe, da shekarar ta cika, bayan mun yi mata addu'a, na yi abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu. Na shiga ɗakin Asabe na sauko da hular, na kifa ta a kan furfurata, bakin a karkace yadda take yi. Na fito tsakar gida na sauke kafaɗa guda, na ɗaga hannu ina yankan iska, na kama: "Saura mutum guda, Shinkafi za mu tashi." A layi na biyu numfashi ya ce shi a nan zai sauka. Tari ya turnuƙe ni, hula ta faɗa cikin turmi.

Asabe tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu. Na ce a raina yau na jawo wa kaina. Sai na ji wani sauti da na manta da shi, ashe dariya ce. Ta yi har ta zauna a ƙasa, daga nan ta zarce da kuka, na bar ta ta yi, don shi ma ya daɗe yana jiran layi. Da ta share ido ta ce, "Baba, ba haka Ramatu ka yi ba. Hannun hagu taka ɗagawa." Shekara shida ban ji sunan nan a bakinta ba. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini goro, ta ce tukuicin jika ne.

Waƙoƙinta wata rana za su tsufa, waya ma da ta fi su ƙarfi tana tsufa. Abin da na tabbata ya rage shi ne wannan: sauran jikokina, Allah ya shirye su, ko tarina ba su iya kwaikwaya ba, don haka na ba su umarni tun da sauran numfashi. Ranar da tawa ta zo, duk wanda zai sa riga ya nemi fim ɗin tsohuwa mai tuwo ya kalla da kyau, ya ga yadda ake jan ƙafar hagu da yadda ake dafa ƙugu. A wurinta za su koye ni. Ashe dai Amarya ce za ta yi wasan, ni ne kawai ba zan gani ba, kamar yadda na nace.

Allah ya jiƙanki, Ramatu, ya sa kin huta. Goron yana aljihuna, ban ci ba. Kin san dalili, ke kika fara faɗa wa duniya labarin haƙoran.