Mele da Shayin da Ya Daina Sha

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Mele, amma yau, wallahi, da murna nake rubutu. Ku tsaya ku ji dalili!

Mele ɗan ƙabilar Buduma ne, masunci. Ya sauka Diffa lokacin da rikici ya tashi mutanen tsibiran tafkin Cadi, ba jirgi, ba komar kamun kifi. Ni tattasai nake saidawa, a fadarmu ta shayi muka saba. Hausarsa a karye take, amma in ya fara labarin kifi sai mun riƙe ciki don dariya.

Kwatsam sai ya fara mayar da kofin shayi. A miƙa masa na farko ya kaɗa kai, kafin na biyu ya tashi ya tafi. Mu kuwa a wurinmu mayar da shayi cin fuska ne, muka ce girman kai ya same shi. Ashe likita ne ya ce yana da ciwon sukari, shi kuma kunya ta hana shi faɗa: ga baƙunta, ga zaman jiran taimako, ga ciwo. Ya shige ɗaki, ya bar magana, ya bar karɓar magani. Matarsa ta ce yini yake yana kallon bango. Muna can muna fushi, damuwa tana cinsa. Ban taka gidansa ba sai ranar jana'iza, har yau abin yana ƙona mini rai.

To, watan jiya ƙanen Mele, Adam, ya mayar da kofi. Na ce, "Adam, sukari ne?" Ya sunkuyar da kai, ya ce eh. Kai, ranar ba mu bari ya tashi ba. Aka ruga aka sayo buta ta biyu, aka dafa shayi ba sukari, muka sha tare muna yamutsa fuska. Sai ga wani Bafulatani cikinmu ya ce shi ma ya daɗe yana ɓoye nasa! Yanzu tare suke zuwa likita, suna tsokanar juna a hanya.

Da Mele zai leƙo, na san tsiyar da zai yi mana: sai da na tafi kuka yi hankali? Da gaskiyarsa.

Jiya da hantsi Adam ya zo rumfata, ya ce, "Yaya, yau zuciyata ba daɗi." Kasuwa na ci, masu saye na tsaye. Na ɗaure bakin buhu, na shimfiɗa tabarma, na ce, "Zauna ka gaya mini, ba inda za ni."