Yaya Marka da Yara Goma Sha Ɗaya a Ɗakin Harawa

A wannan bazarar yayata Marka ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ba ta yi suna ba, kuma in ka wuce ƙauyenmu da ke yankin Ruma ba lalle ka sami wanda ya san ta ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda akwai wata rana guda a rayuwarta da nake tsoron kada ta bi mu kabari, mu da muka gani.

Yaya ba ta taɓa haihuwa ba. Bayan mijinta ya rasu ta yi 'yan shekaru a Katsina tana aikin raino a wata makarantar ƙananan yara, sannan ta dawo gida ta share zauren mahaifinmu. Matan da za su tafi itace ko ɗiban ruwa sai su ajiye mata 'ya'yansu, 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Matan rugar da ke bayan gari ma, in sun shigo tallar nono, nan suke sauke nasu.

Bazara ce lokacin da ta fi so. Ba ta da takarda ko fenti irin na birni, sai abin da ƙasa ta bayar. Tafki na janyewa take zuwa ta kwaso yumɓu a ƙwarya, yara su yi ta mulmula shanu masu ƙaho ɗaya da tukwanen da ba sa zama. Ƙwallon mangwaron da aka tsotse ta wanke shi ta shanya, su taje gashinsa ya zama 'yar tsana. Ta fere karan dawa ta yi musu tabarau. Ta dama bula da jar ƙasa, kowa ya tsoma tafinsa ya manna a bango. Ni kam ina yi mata tsiya, ina cewa ɓata kaya ne kawai. Ita kuwa takan ce yaron da hannunsa ke aiki ba ya cizon ɗan'uwansa.

Ranar da nake magana, da hantsi ne. Maza sun fita sharar gona. Na shiga zauren da kunu, goyona a baya, ɗiyata Hafsatu 'yar shekara uku tana cikin yaran. Su goma sha ɗaya ne. Ban gama ajiye kwanon ba muka ji babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi ta wajen kasuwa.

Na ce, “Yaya, mu gudu!”

Ta dube ni ta ce, “Rabi, hannu nawa gare ki? Wa za ki ɗauka, wa za ki bari?”

A can ƙarshen gidan akwai tsohon ɗakin da ake zuba harawa, ƙofarsa ƙarama, tana fuskantar katanga. Yaya ta ɗauki ƙwaryar yumɓu ta ɗora a ka, ta yi wa yaran murmushi kamar ba abin da ke faruwa, ta ce kowa ya riƙe rigar na gabansa. Haka muka jera muka shige. Har na ja ƙyauren sai ta riƙe hannuna. Takalma. Ƙananan silifa birjik a bakin zaure, duk wanda ya leƙo zai san akwai yara a gidan. Ta koma ita kaɗai. Ban san minti nawa ta yi ba. Ina jin ihun mata a bayan katanga, ina jin wani yana ba da umarni da ƙarfi. Sai ga ta, haɓar zanenta cike da takalman.

Ta zaunar da su a kan harawa, ta yanko wa kowa curin yumɓu, ta yi ƙasa da murya. Ta ce yau shanu za a yi, amma shanun barci suke, wanda ya yi magana ya tashe su. Wallahi na ga yara goma suna mulmula laka cikin duhu, ana harbi a waje, wasu har suna toshe baki suna dariya.

Na goma sha ɗayan shi ne Iro, ɗan Shatu mai tallar nono, bai kai shekara biyu ba. Shi bai gane zancen shanu ba, uwarsa yake so. Ya fara ƙunƙuni daidai lokacin da muka ji an banke ƙofar gidan. Takun mutum biyu. Suka shiga tsohon ɗakin mahaifiyarmu, muna jin ana zubar da kwanuka, suka fito suna kwance awaki. Iro ya buɗe baki ya ja numfashi, irin jan da kowace uwa ta san abin da ke biye da shi.

Yaya ta miƙo mini shi, ta ce a kunnena, “Ba shi nono.”

Na yi turus, domin na san hukuncin shayarwa, in ya sha ya zama ɗana. Ta ƙara matso shi jikina. Na ba shi, ya kama. Ɗaya daga cikin mutanen ya zo har jikin ɗakin, ina ganin inuwar ƙafarsa ta ƙasan ƙyaure. Ya tsaya. Can wani ya kira shi daga waje, ya juya. Ba mu fito ba sai bayan azahar, da muka ji muryar mijina yana kiran sunana kamar zautacce.

An kashe mutane a ranar, har da ƙanen mijina. Kafin a yi sadakar uku magana ta fara yawo cewa da hannun 'yan ruga. Ba wanda ya kawo shaida, amma zuciya ta riga ta ɗauki zafi. Wasu dattawa suka zo suka ce Yaya ta daina karɓar 'ya'yan Fulani. Ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, ta saurare su har suka gama. Sannan ta ce, “Baba, ku gafarce ni. Ɗaya cikin waɗanda kuke magana a kansu ya sha nonon Rabi, ɗan gidan nan ne yanzu. In na kore shi, mi zan ce wa Allah?” Suka tashi suka fita. Mata uku suka janye 'ya'yansu. Ni kaina, ina cikin zafin rashin da muka yi, na yi kwanaki ba na yi mata magana. Wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kansa har yau.

Shatu ba ta sake kawo Iro ba, tsoro ya hana ta. Kafin ruwan farko rugar ta tashi, wasu sun ce sun yi wajen Safana, wasu sun ce sun shiga daji. Da aka sake kawo hari bayan girbi mu ma muka kwashe zuwa Batsari. Can Yaya ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata darbejiya ta ci gaba da tara 'ya'yan waɗanda suka gudo, tana aro yumɓu wurin masu ginin tukwane. Da bazara ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Ana sulhu da maharan, ana warwarewa, a sake zama. Wasu sun koma gonakinsu, amma kunne na hanya, ido na daji. Yaran da aka haifa bayan tafiyarta, in ka ba su laka, babur suke ginawa da mutum uku a kai, su soka tsinke a kafaɗar na baya. Na tabbata ba za ta doke su ba. Zama za ta yi kusa da su ta tambaya ina waɗannan mutanen za su, ta saurari amsar har ƙarshe. Kuma na san ba za ta bar ni in huta ba sai na nemi inda Iro yake. Ina da ɗa a wani wuri, ya kusa shekara goma, ban san ko yana makaranta ba, ban san hannun wa ya faɗa ba. Duk ranar kasuwar Batsari ina duba fuskokin masu tallar nono.

Zauren ya rushe, bangon da ke ɗauke da tafukan yara ruwa ya cinye shi. Ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Mu manyan da muka ga ranar har yanzu ƙarar babur na tsayar mana da loma a baki. Kwanan baya, da na fara wannan rubutu, na kira Hafsatu, wadda yanzu take aji biyar. Na tambaye ta ko tana tuna ranar da Inna Marka ta shigar da su ɗakin harawa. Sai fuskarta ta washe.

Ta ce, “Na tuna, Umma. Ranar da saniyata ta fi ta kowa kyau.”

Allah ya jiƙan Yaya Marka, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta.